Digiri Babu Bashi: 'Yan Koyon Aikin Kwamfuta a Manyan Bankunan Ingila

   

A yau shirin namu zai leƙa ƙasar Ingila ne, domin mu duba wata hanya ta neman ilmi da matasa ke rububinta a can. Wato yarinya ta gama sakandare tana 'yar shekara 18, maimakon ta wuce jami'a kai tsaye, sai wani babban banki ya ɗauke ta aiki a sashen na'ura mai ƙwaƙwalwa, yana biyan ta albashi kowane wata, kuma a lokaci guda tana karatun digiri a jami'a ba tare da ta biya ko kwabo ba. Bayan shekara uku zuwa huɗu sai ta fito da digiri, ga ƙwarewar aiki, ga shi babu bashi a wuyanta. To duk wadda ta ji wannan za ta ce ai banza ta faɗi. Amma fa 'yar uwa ki tsaya ki ji ƙarshen zance, domin kuwa digirin nan ba a biyan sa da kuɗi, da lokaci da gumi ake biyan sa. Ina kuma fata 'yan uwanmu da ke zaune a can da 'ya'yansu, da mu nan da ke da ƙanne ko jikoki a can, za mu kasa kunne sosai.

Bari mu fara da asalin abin. Koyon sana'a a hannun maigida ai ba baƙon abu ba ne a wurin kowa. Yaro ya zauna a shagon tela ko na makaniki, yana aiki yana koyo, har ran da za a yaye shi. Abin da gwamnatin Ingila ta yi a shekarar 2015 shi ne ta ɗaga wannan tsohuwar hanya ta kai ta matakin jami'a, ta ce ɗan koyo ma zai iya fita da cikakken digiri. Daga cikin fannonin da aka fara da su har da fannin fasahar kwamfuta. Sa'an nan a watan Afrilun 2017 aka fara karɓar wani haraji daga manyan ma'aikatu: duk kamfanin da jimillar albashin da yake biya a shekara ta wuce fam miliyan 3, zai ba da rabin kashi ɗaya cikin 100 na wannan albashi. Alal misali, kamfanin da ke biyan albashin fam miliyan 100 a shekara, harajinsa ya kusa fam 500,000. Kuɗin nan kuwa an ba shi damar ya ci moriyarsu ta hanyar horar da 'yan koyo. Kun ga ke nan banki mai dubban ma'aikata, ko ya horar ko bai horar ba sai ya biya, don haka gara ya horar. Wannan shi ne sirrin kyautar. Ba wai sadaka bankin yake yi ba, lissafi ne.

Shi ya sa manyan bankuna suka shiga da ƙarfinsu. Bankin Goldman Sachs ya yi haɗin gwiwa da Jami'ar Queen Mary ta Landan, J.P. Morgan ya yi da Jami'ar Exeter, Barclays da Lloyds su ma suka riƙa ɗaukar nasu 'yan koyon. Digirin da ake bayarwa kuwa jami'ar ce da kanta take bayar da shi, darajarsa ɗaya da ta wanda ɗalibin aji yake karɓa. Na jaddada wannan ne saboda iyayenmu mata, domin wata da ta ji an ce koyon aiki sai ranta ya ɓaci, ta ce ita 'yarta jami'a za ta je kamar 'ya'yan kowa. To Hajiya, jami'ar za ta je, rigar yaye ɗalibai ma za ta saka, har ki ɗauki hoto da ita.

Wata za ta ce, shin me ya haɗa banki da kwamfuta har haka? Ai banki wurin ƙirga kuɗi ne. To a da ke nan. Tun ranar 27 ga watan Yunin 1967, da bankin Barclays ya kafa na'urar cirar kuɗi ta farko a unguwar Enfield da ke arewacin Landan, aikin banki ya fara komawa hannun na'ura. Daga shekarar 2015 zuwa 2024 an rufe rassan banki fiye da 6,000 a Birtaniya, saboda mutane sun koma yin hulɗa ta wayar hannu da intanet. Kuɗin da ke cikin asusun mutum a yau lambobi ne a cikin rumbun bayanai. Waɗanda ke kula da wannan rumbu, da masu rubuta manhajar da ke motsa lambobin daga wannan asusu zuwa wancan, su ne masu riƙe da makullin taska. Barclays ma yana da wata katafariyar cibiya a Radbroke, kusa da garin Knutsford, inda dubban ma'aikata ke aikin fasaha, babu kanta babu layin masu ajiya.

To yanzu mu ƙaddara ga wata yarinya an ɗauke ta. Yaya makonta yake kasancewa?

Abu na farko da za ta gane shi ne ita ma'aikaciya ce kafin ta zama ɗaliba. Ta sa hannu a takardar ɗaukar aiki, tana da shugaba, tana da lokacin shiga da na tashi. Tun farkon tsarin, ƙa'ida ta ce a ware mata kashi 20 cikin 100 na lokacin aikinta domin karatu. An yi wa lissafin gyare-gyare daga baya, amma a aikace abin da aka fi sani shi ne kwana huɗu a wurin aiki, kwana ɗaya na jami'a. Wasu jami'o'in kuma sukan tara kwanakin, ɗalibai su zo su yi mako guda cur a aji, sa'an nan su koma bakin aiki.

A ofis za a saka ta cikin ƙaramar tawaga, ta mutum shida ko takwas ko goma. Kowace safiya sukan yi ɗan taro na kamar minti 15, sau da yawa a tsaye ma ake yin sa don kada ya yi tsawo. Kowa ya faɗi abin da ya yi jiya, da abin da zai yi yau, da abin da ya tsaya masa. Yarinyar nan ma sai ta yi magana, ko da kuwa abin da za ta ce shi ne ta kasa gane inda matsalar take. Aikin kan zo ne kashi-kashi, yawanci na mako biyu-biyu. A watannin farko ƙananan abubuwa za a ba ta: ta gyara wani ɗan kuskure a manhaja, ta rubuta gwajin da zai tabbatar wani sashe yana aiki daidai, ta karanta abin da wasu suka rubuta shekaru da suka wuce ta fahimce shi. Za ta koyi harsunan da ake ba kwamfuta umarni da su, irin su Java da Python, da kuma SQL wanda da shi ake tambayar rumbun bayanai. Wata ma takan tarar da COBOL, harshen da aka ƙirƙira tun 1959, wanda har yanzu wasu manyan na'urorin bankuna da shi suke aiki. Daga baya sai ta zaɓi ɓangaren da za ta ƙware a kai: ko gina manhaja, ko nazarin bayanai, ko tsaron na'urori daga masu kutse.

Akwai wani abu da ke ba sababbin shiga mamaki, har wasu su ƙosa. A banki, abin da ka rubuta ba ya isa ga jama'a sai ya bi matakai. Wani ma'aikaci zai duba shi layi-layi, ya dawo miki da shi da gyara. A gwada shi a wata na'urar gwaji wadda babu kuɗin kowa a ciki. A nemi izinin masu izini, a sa rana, a kuma shirya yadda za a janye shi idan ya ba da matsala. Gyaran da ya ɗauke ta awa biyu zai iya yin makonni kafin ya fita. Matashiya mai zafin nama sai ta ga kamar ɓata lokaci ne. To ga dalili.

A watan Yunin 2012 an yi wani sabunta manhaja a rukunin bankin RBS, wanda ya haɗa da NatWest da Ulster Bank. Abin ya lalata tsarin da ke yin lissafin dare, wato wanda ke shigar da albashi da biyan kuɗaɗe kafin gari ya waye. Mutane fiye da miliyan 6.5 abin ya shafa, wasu masu hulɗa da Ulster Bank sun yi makonni suna fama. A 2014 hukumomi suka ci bankin tarar fam miliyan 56. Haka nan a watan Afrilun 2018, bankin TSB ya kwashe bayanan masu ajiyarsa zuwa sabon tsari, abu ya rikice, mutane suka kasa shiga asusunsu, wasu ma suka riƙa ganin bayanan asusun da ba nasu ba. Shugaban bankin ya bar kujerarsa a wannan shekarar, kuma a watan Disambar 2022 aka ci bankin tarar fam miliyan 48.65. Ko a 2025, wani kwamitin majalisar dokokin Birtaniya ya bayyana cewa a cikin shekara biyu, manyan bankuna da cibiyoyin ajiya guda tara sun yi aƙalla awa 803 na tsayawar na'ura, wato fiye da kwana 33.

'Yan uwa, mu ajiye maganar miliyoyi, mu dubi mutum ɗaya. Uwa ce a gaban kanta a kanti, ga kayan abincin yara a kwando, kati ya ƙi aiki. Magidanci ne ranar biyan haya ta zo, albashi bai shigo ba. Wannan shi ne abin da ke bayan kowane layi da yarinyar nan take rubutawa. Don haka babban darasin da take koya a banki, wanda aji kaɗai ba zai koya mata ba, shi ne amana: kada ki ɓoye kuskure, kada ki taɓa abin da ba a ba ki izini ba, kada ki leƙa asusun kowa ko da na maƙwabciyarki ne, domin duk inda kika shiga na'ura tana rubutawa. Shi ya sa tun kafin a ɗauke ta sai an binciki tarihinta, a ga ko tana da laifi a kotu ko wata matsalar bashi.

Yanzu mu zo kan riba da hasara, mu auna su kamar yadda ake auna hatsi a kasuwa.

Ta fuskar kuɗi, a shekarar karatu ta 2025 kuɗin jami'a a Ingila ya kai fam 9,535 a shekara. Shekara uku ya haura fam 28,000 ke nan, ban da ci da sha da wurin kwana. Yawancin ɗalibai rancen gwamnati suke karɓa. Waɗanda suka fara karatu daga watan Agustan 2023, za a riƙa cire musu kashi 9 cikin 100 na abin da suke samu sama da wani ƙayyadadden adadi, wanda aka fara sa shi a fam 25,000 a shekara, kuma ba a yafe ragowar bashin sai bayan shekara 40. 'Yar koyo kuwa ta tsallake duk wannan. Ƙa'idar tsarin ma ta hana a nemi ta biya kuɗin horon, ko da ta bar aikin kafin ta gama. Sa'an nan ranar da sa'o'inta suke fitowa daga jami'a suna yawon neman aiki, ita tana da shekara uku ko huɗu na ƙwarewa a hannu. Hausawa suka ce wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

To amma ɗaya gefen fa? Taura biyu ce aka ba ta ta tauna. Kwana ɗaya a mako ba ya isar karatun digiri, saboda haka dare da Asabar da Lahadi su ne suke cike giɓin. Sa'o'inta na jami'a suna da dogon hutu na watanni a lokacin zafi, ita kuwa hutun ma'aikata gare ta, wanda doka ta sa mafi ƙarancinsa kwana 28 a shekara ga mai aikin kwana biyar a mako. Akwai makon da jarrabawa za ta haɗu da ranar miƙa aiki a ofis, kowa yana jiran nasa, babu mai ɗaga wa wani ƙafa sai in ta buɗe baki ta yi bayani da wuri. A ƙarshe kuma akwai tantancewa ta musamman, inda za ta gabatar da wani aiki na gaske da ta yi, a yi mata tambayoyi a kai. Haka kuma ta zaɓi hanyarta tun tana 'yar shekara 18. Idan ta shiga ta ga aikin bai kwanta mata ba, canzawa ba ta da sauƙi, domin karatun a ɗaure yake da aikin. Kuma kammalawa ba ta nufin lallai kujera tana jiran ta har abada, bankuna suna rage ma'aikata idan lissafi ya juya.

Samun shiga ma ba wasa ba ne. Masu nema suna da yawa ƙwarai, guraben kuwa kaɗan ne. Akan buɗe neman tun watanni da yawa kafin Satumbar da za a fara, yarinya tana tsakiyar shirin jarrabawar A-Level. Za ta cike takarda ta intanet, ta yi gwajin lissafi da na tunani, ta amsa tambayoyi a gaban kyamara, sa'an nan a kira waɗanda suka tsallake a ga yadda suke aiki cikin jama'a. Shawara a nan ita ce ta nemi wurare da yawa, kuma ta nemi jami'a ta hanyar UCAS a lokaci guda, in wannan bai yiwu ba ga wancan. Bari kuma in ja kunne a kan abu ɗaya: tsarin nan na mazauna ƙasar ne. Sai mai izinin yin aiki a can, kuma a mafi yawan lokuta sai wadda ta yi shekara uku tana zaune a ƙasar. Don haka duk wanda ya zo miki a nan gida ya ce ki kawo kuɗi zai samo wa 'yarki wannan gurbi daga nesa, ki riƙe jakarki da kyau.

Akwai kuma wata magana da na san tana zukatan da yawa daga cikinmu, wato maganar kuɗin ruwa. Rancen karatu na Ingila yana da ruwa, kuma wannan ya sa wasu 'ya'yan Musulmi suke fasa zuwa jami'a, ko su jinkirta. Tun 2013 firaminista David Cameron ya yi alkawarin za a samar da wani tsarin rance wanda bai saɓa wa shari'a ba, amma har aka shiga 2025 ba a fara shi ba. Saboda haka digirin 'yan koyo ya zama mafita ga iyalai da dama. Sai dai kuma ga wata tambayar ta taso: an guje wa rance mai ruwa, an shiga aiki a bankin da ke hulɗa da ruwa. Wannan ba hurumina ba ne, hurumin malamai ne, kuma ya kamata iyali su zauna da malamin da suka amince da shi tun kafin a cike takarda, ba sai an ba da aiki ba. Abin da zan ƙara kawai shi ne, irin wannan digiri ba a banki kaɗai ake yin sa ba. Kamfanonin sadarwa da na magunguna da na ƙere-ƙere da ma'aikatun gwamnati duk suna ɗauka.

To ina matsayin mace a cikin wannan duka? Gaskiya har yanzu mu ne 'yan tsiraru. A Birtaniya, cikin kowane mutum biyar masu aikin fasahar kwamfuta, kusan ɗaya ce kawai mace. Yarinya za ta iya samun kanta ita kaɗai a tawagarta, kuma ita ce ƙarama. Wani lokaci a tashi aiki abokan aiki su nufi mashaya, inda ake ƙulla sabo da manya, ita kuwa ba wurin zuwanta ba ne. Sai ta nemi nata hanyoyin: cin abincin rana tare da abokan aiki, shiga ƙungiyoyin mata na cikin ma'aikata, da neman wata babba da za ta riƙa yi mata jagora. Ta kuma san haƙƙinta. Dokar daidaito ta 2010 ta hana a nuna wa ma'aikaci bambanci saboda jinsi ko addini. Kuma tun da ita ma'aikaciya ce, idan aure da haihuwa suka zo tana da damar hutun haihuwa har zuwa mako 52, a dakatar da karatun, ta dawo ta ɗora daga inda ta tsaya.

Kada kuma wata ta ɗauka mata baƙi ne a wannan fage. A 1962 wata mata mai suna Stephanie Shirley ta kafa kamfanin rubuta manhaja a Ingila da jarin fam 6, ta riƙa ɗaukar matan aure masu reno suna aiki daga gidajensu. Da ta ga ba a amsa wasiƙunta na neman ciniki, sai ta koma sa hannu da sunan namiji, Steve, nan da nan aka fara amsawa. Cikin ma'aikatanta 300 na farko, uku ne kawai maza. Ta rasu a watan Agustan 2025. Ƙofar da ita sai da ta ɓoye sunanta kafin a buɗe mata, yau ga shi bankuna da kansu suke zuwa makarantun 'yan mata suna kira.

A nan gida Nijeriya, abin da ya fi kusa da wannan shi ne shirin SIWES, wanda asusun horar da ma'aikata na ITF ya ɓullo da shi a 1973, inda ɗalibi kan je wata ma'aikata ya yi 'yan watanni. Bambancin shi ne a namu ɗalibi ne ya je baƙunta wurin aiki, a nasu kuwa ma'aikaci ne yake zuwa jami'a. Amma darasin ɗaya ne ga 'ya'yanmu masu zuwa wannan horo: kada a mayar da shi zaman sa hannu a littafi, a tambaya, a taɓa aiki, a koya.

Kafin in sallame ku, ga saƙona ga iyaye. Idan 'yarki ta zaɓi wannan hanya, to ki sani ta ɗauki kaya biyu. Albashin da kike gani yana shigowa kada ya sa a manta cewa ɗaliba ce. Ranar Asabar da kika gan ta a ɗaki da kwamfuta, ba hira take yi ba, a rage mata aike da girki a lokacin jarrabawa, kada kuma a ɗora mata nauyin gida gaba ɗaya don an ga ta fara samu. Ke kuma ƙanwata, ki tambayi kanki tsakani da Allah: zan iya tashi da sassafe kwana biyar a mako, in dawo in buɗe littafi? Zan iya cewa ban gane ba a gaban manya? Zan iya karɓar gyara ba tare da na yi fushi ba? Idan amsar e ce, to bismillah, ki nema da ƙarfinki. Idan kuwa kin fi son ki zauna ki yi karatu a natse, ki juya fanni in kin ga dama, to jami'a ma hanya ce mai kyau, babu wadda ta fi wata sai wadda ta dace da ke.

To jama'a, a nan za mu dasa aya a shirinmu na yau. Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, ya ba su ilmi mai amfani da sana'a ta halal. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.